In Da So Da Ƙauna: Rijiyar Da Ta Yi Wa Marubuci Aiki

Duk wanda ya saba zama da masu karatun littattafan Hausa a Kano, musamman waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a farkon shekarun 1990, ya san inda hira take zuwa idan aka taɓo maganar soyayya. Ko ta ina aka faro, sai an tsaya a kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Iyaye mata na cikin Birni, daga Yakasai zuwa Mandawari, suna ambatonsa kamar yadda ake tuna wani babban biki da aka sha a unguwa. Idan suka ga yarinya ta duƙufa a kan waya tana bin wani labari a WhatsApp, abin da suke cewa shi ne, ai ku ba ku ga littafi ba, a nemo muku Sumayya da Muhammad ku ga yadda ake rubutu.

To, ana nemowa, kuma yaran suna karantawa. Da yawa daga cikinsu suna ajiye shi gwiwa a sanyaye, suna tambayar ko wannan ne abin da aka shafe shekara 30 ana kambamawa. Manya sukan ce laifin yaran ne, waya ta lalata musu haƙurin karatu. Ni dai ina ganin yaran suna da hujja. Akwai wani gurbi a tsakiyar littafin nan da yabo ya daɗe yana rufewa, kuma mai karatun da bai sha daɗin zamanin ba shi ne ya fi saurin faɗawa cikinsa.

Kafin a je can, a ba littafin haƙƙinsa. Ya fito a 1991, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, wanda aka fara a 1986, ya gama karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka ja baya daga buga ƙagaggun labarai. Matasan Kano suka daina jira. Suka riƙa tara kuɗinsu suna kai rubutu ƙananan maɗaba'u, suna raba wa masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni, daga nan ya shiga hannun masu bayar da haya, ya shiga jakunkunan 'yan makarantar kwana. Ado Ahmad, wanda ya tashi a Zangon Barebari kuma ya yi bokonsa ta hanyar ilimin manya, yana cikin jagororin wannan yunƙuri, shi da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa, a ƙungiyarsu ta Raina Kama. Littafinsa ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, aka juya shi zuwa Turanci da sunan The Soul of My Heart, aka kuma mayar da shi fim. Ya sa mutanen da ba su taɓa sayen littafi don nishaɗi ba sun saya. Wannan aiki ne babba, kuma babu sharhin da zai ƙwace masa shi.

Labarin kansa gajere ne. Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad, yaro mai ilimi da natsuwa amma talaka. Ga Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai kuɗi, shi ma yana sonta. Da ta ƙi shi, sai ya bi ta wajen kakarta da kyaututtuka, tsohuwa ta kafe sai shi, iyayen yarinya suka kasa tsallake maganarta. Da Sumayya ta ga aure ya matso, sai ta faɗa rijiya. Allah ya yi da sauran kwana aka ciro ta, hankalin kowa ya tashi, daga ƙarshe masoya suka samu juna.

Abu mafi ƙarfi a cikinsa yana farko-farko: yarinya ce ta fara nuna so, ita ta nemi saurayin, shi kuma yana ja da baya saboda ya san tazarar da ke tsakanin gidajensu. A Kanon 1991, inda ake ɗaukar kunya a matsayin rabin tarbiyyar 'ya mace, wannan ba ƙaramar kasada ba ce a rubuce. Ina jin nan ne 'yan matan lokacin suka ga kansu, ko kuma suka ga abin da suke so su zama.

Sai dai masu cewa shi ne ya fara kawo maganar auren dole cikin adabin Hausa sun yi saurin mantuwa. Tun shekarun 1930 Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya kawo wannan murhu mai duwatsu uku: Abubakar da Zainab suna son juna, attajiri Malam Shehu ya shiga tsakani da dukiyarsa. A 1980 kuma Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya, inda yarinya Bafulatana ta tsaya a kan zaɓinta duk da adawar danginta. Saboda haka hanya ce da aka riga aka share. Abin dubawa shi ne yadda In Da So Da Ƙauna ya bi ta, kuma a nan ne kwalliya ta fara kasa biyan kuɗin sabulu.

Marubucin ya sauƙaƙa wa kansa aiki fiye da kima. Ya tara duk kyawawan halaye ya jibga wa Muhammad, ya tara munanan ya jibga wa Abdulƙadir. Talaka ga ilimi ga ladabi ga tsoron Allah, mai kuɗi ga girman kai ga ganin komai na sayarwa ne. Idan aka jera mutum biyu haka, mai karatu ba ya buƙatar yin tunani, domin an riga an yi masa. Kowa zai goyi bayan Sumayya, har da mutumin da ya aurar da 'yarsa jiya ba da son ranta ba, domin zai ce ai shi ba mutumin banza ya ba ta ba.

Kuma gaskiyarsa ke nan, galibi. Wanda ya san yadda ake ƙulla aure a gidajen cikin Birni ya san cewa mijin da ake tilasta wa yarinya ba kasafai yake zama shaiɗani ba. Ɗan wan babanta ne da suka tashi tsakar gida ɗaya. Ko almajirin mahaifinta ne da ya shekara goma yana ɗaukar karatu a zaure, malam ya yaba da hankalinsa ya ce ya ba shi. Ko yaron shagon babanta ne a Kantin Kwari da ya riƙe amana har aka sallame shi. Mutum ne mai salla, mai sana'a, wanda ba a taɓa jin sa da abin kunya ba. Aibinsa guda ɗaya ne tak, yarinyar ba ta son sa. Wannan ita ce shari'ar mai wuya, wadda take raba kan dangi, wadda uwa take kwana tana kuka a kanta saboda ta ga gaskiyar mijinta ta kuma ga ta 'yarta. Shin rashin so kaɗai ya isa hujja, ko da babu wani laifi a jikin mijin? Da a ce Abdulƙadir mutumin kirki ne, da dole littafin ya amsa wannan tambaya. Da aka mayar da shi mugu, sai tambayar ta ɓace, abin da ya rage shi ne wa'azin cewa hali ya fi kuɗi, wanda babu wanda ya taɓa musantawa ko a bakin kasuwa.

Sannan ga maganar kaka, wadda ita ce ta fi damuna. An bar jaki ana dukan taiki. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Birni, daga Risala zuwa Muhtasar, mace ba ta zama waliyyiyar aure. Uba ne yake da ikon aurar da 'yarsa budurwa, ikon da malamai suke kira ijbari, kuma sun gindaya masa sharaɗin kada ya cutar da ita. Ranar ɗaurin aure maza ne suke zama a ƙofar gida ko a masallaci, namiji ne yake cewa ya bayar, namiji yake cewa ya karɓa. Ba na musun cewa tsofaffin mata suna da ƙarfi a gidajenmu. Duk wanda ya taɓa ganin dattijo mai furfura ya yi tsuru-tsuru saboda tsohuwa ta ce za ta ɗaga masa nono ya san ƙarfin nan ba wasa ba ne. Amma dubi abin da zaɓin nan ya yi wa labarin: ya ɗauke nauyi daga kan wanda shari'a da al'ada suka ba wuƙa da nama, ya ɗora a kan tsohuwa mai kwaɗayin abin duniya, wadda dama tatsuniyoyinmu sun daɗe da koya mana yi mata dariya. Uba ya fita fes, ya zama shi ma abin tausayi, mai biyayya da aka matsa wa. Magidanci zai iya karanta littafin daga farko har ƙarshe bai ji an taɓa shi ba. Ina zargin wannan yana cikin sirrin karɓuwarsa. Littafi ne na tawaye da bai ɓata wa kowa mai iko rai ba.

Yanzu sai rijiyar. Sumayya ta yi magana, ba a ji ba. Ta yi kuka, ba a ji ba. Abin da ya juya labarin shi ne jikinta a ƙasan rijiya. Babu wanda ya sauya ra'ayi saboda an ƙure shi da hujja, ko saboda wani malami ko wata gwaggo ta tsaya ta ce wannan zalunci ne tun kafin a kai ga haka. Tsoro ne ya yi aikin. Marubucin ya kai labarinsa wani lungu da ba shi da mafita, maimakon ya zauna ya warware ƙullin da ya ƙulla, sai ya bar rijiya ta warware masa.

Wani zai ce ai haka rayuwa take, iyaye da yawa ba sa farkawa sai an kai gargara. Haka ne, kuma da littafin ya tsaya a kan wannan ɗacin, ya nuna irin munin gidan da sai 'yarsa ta nemi hallaka kanta ake sauraronta, da ya zama wani abu dabam. Amma a nan faɗawa rijiya ta biya. An ciro yarinya, an yi nadama, an ba ta wanda take so. Ka tuna su wa suke karantawa: 'yan shekara 14 zuwa 18, wasu a cikinsu an riga an karɓi kuɗin gaisuwarsu ba da saninsu ba. Me labarin ya ce musu game da hanyar da take ɓullewa? Rijiyoyin gidajen Birni ba su san jarumar littafi ba. Masu zurfi ne, kuma ba kowa ake cirowa da rai ba. Wadda aka ciro ma, ba lalle ta tarar da dangi masu nadama ba, ta fi kusa da tarar da gori har ƙarshen rayuwarta, ga nauyin zunubin da kowace yarinya Musulma ta san yana kan mai yunƙurin kashe kansa.

Kada a ce ina ɗora wa littafi laifin abin da yake faruwa a gari. Auren dole ya girmi littafin, haka ma abin da yake haifarwa. A 2014 duk ƙasar nan ta ji labarin yarinya 'yar shekara 14 a wani ƙauye na jihar Kano da aka gurfanar bisa zargin zuba shinkafar ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan an kai ta ɗaki, mijin da wasu suka mutu, aka yi ta shari'a har gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Ba littafi ne ya aike ta ba. Abin da nake cewa shi ne, al'amarin da yake iya kaiwa nan ya fi ƙarfin a rufe shi da faɗuwar da ake tashi a karkaɗe jiki a shiga lalle.

Abin takaicin shi ne an riga an rubuta littafin da ya fi shi kallon lamarin ido da ido, a gari ɗaya, a ƙungiya ɗaya, shekara ɗaya kafin shi. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990. A can mahaifi ne da kansa ya cire Abu daga makaranta, shi ne ya aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Babu tsohuwar da aka laɓe a bayanta. Kuma Abu ba ta nemi mutuwa ba, guduwa ta yi, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta dawo tana da abin da za ta tsaya a kai. Marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, ta sha faɗa da bakinta cewa ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, kuma ana jin wannan sanin a rubutun. Littafin yana da nasa rauni, wa'azinsa yakan yi yawa a wasu wurare, nasarar Abu ma ta zo da santsi fiye da yadda rayuwa take bayarwa. Amma ya nuna yatsa inda ya kamata, ya kuma ba yarinya mai karatu ƙofar da za ta iya bi ta fita da ranta. Duk da haka, idan ana lissafin littattafan da suka yi tashe a bakin jama'a, sai an gama da Sumayya kafin a tuna da Abu. Mun fi son wanda ya sa mu kuka a kan wanda ya sa mu jin kunya.

Me ya sa aka daɗe ba a faɗi wannan ba? Ina ganin saboda yaƙin da aka yi a kan littattafan ne. Tun farkon fitowarsu aka taso musu ta ko'ina. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan Adabin Kasuwar Kano, yana ganin kayan yayi ne marasa nauyi da ba za su daɗe ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya musu, aka shafe shekaru ana musayar alƙalami a jaridu. Daga gefe guda masu wa'azi suna cewa suna lalata tarbiyya, wasu suna cewa kwaikwayon finafinan Indiya ne kawai, zargin da ya ja hankalin Brian Larkin har ya yi nazari a kan wannan littafi a 1997. Abin ya kai ga a 2007, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan makaranta aka cinna musu wuta a bainar jama'a. A irin wannan yanayi, duk mai ƙaunar rubutun Hausa ya zama soja. Wa zai tsaya yana cewa ginin Abdulƙadir bai yi ba alhali ana ƙona littattafai? In Da So Da Ƙauna ya zama tuta, ita kuwa tuta ɗaga ta ake yi, ba a duba ɗinkinta. Wutar ta daɗe da mutuwa, amma har yanzu muna yabon kamar ana kawo hari. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Rashin yin wannan gyara yana da farashi, kuma ana ganinsa a wayoyinmu. Buɗe labaran da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ko waɗanda ake karantawa a YouTube, ka ga abin da aka gada. Darasin cewa talaka mai hali ya fi mai kuɗi, wanda shi ne abin da Gidan Dabino ya fi so a ɗauka, shi ne ya fara mutuwa. Jarumin yau ɗan attajiri ne mai jerin motoci, miskili, wanda ba ya dariya sai a shafi na hamsin. Abin da ya rayu shi ne rijiyar, ta sauya kaya kawai. Yanzu yarinya takan yanke jiki ta faɗi, a kwashe ta sai asibiti, likita ya fito yana share gumi ya ce zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba za a rasa ta. Nan take Abba ya sauko, Hajiya ta fashe da kuka, a sa rana. Finafinan Kannywood ma sun sha wannan ruwa har sun ƙoshi. Ba na cewa duk daga littafi ɗaya aka kwaso, amma littafin da aka ɗora a saman kowa shi ne ya halatta dabarar, ya nuna cewa marubuci zai iya tsallake mafi wuyar wurin labarinsa ta hanyar kwantar da jarumarsa, kuma a tafa masa.

Akwai kuma tambayar da Muhammad da kansa ya hango tun farko, wadda ta sa ya ja da baya: shin 'yar masu hali za ta iya zaman gidan talaka? Nauyin labarin duk ya tafi a kan hanyar zuwa ɗaurin aure, kamar ɗaurin auren ne amsar. A ɗauka a cikin Birni za ta tare, a irin gidajen gado na Zangon Barebari ko Jakara, inda mota ba ta shiga lungu, inda ɗaki ɗaya da rumfa ne rabon ango, banɗaki na kowa da kowa, ruwa sai an tsayar da ɗan garuwa, ga matan 'yan'uwa suna lura da irin miyar da amarya take kaɗawa. A ɗauka wata uku sun wuce, kayan gara sun ƙare, ƙawayenta sun zo ziyara cikin leshi sun rasa wurin zama. A ɗauka ranar da suka fara saɓani, wata a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, ai ke ce kika faɗa rijiya saboda shi. Me Sumayya za ta ce, kuma gidan wa za ta je yaji?